Ciwon ya bar ƙuguna ya koma ƙafa, me ya haɗa su?

Abu_Mahmud:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni, musamman ga ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu. Yau sati uku ke nan da na sunkuya zan sauke jarkar ruwa daga bayan mota, sai na ji ƙuguna ya riƙe kamar an buga ƙusa. Na yi kwana huɗu ba na iya miƙewa sosai. To yanzu ƙugun ya yi sauƙi, amma ciwon ya gangara ƙafar hagu. Yana tasowa daga ɗuwawu, ya bi cinya, ya bi gefen ƙwauri ta waje har kan babban yatsa. Zogi ne kamar jan lantarki, in na yi tari ko atishawa sai ya harba. Zama a kujera ya fi mini tsayuwa wahala. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ƙafar nan ko bugewa ban yi ba, kuma babu kumburi ko kaɗan. Wani ya ce basir ne, wani ya ce sanyi ne ya sauka. Shekarata 38. Me ke kawo irin wannan?

Ummu_Hafsa:
Wa alaikumus salam. Sannu Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Ni kam basir nake zargi. Maigidana haka ya yi ta fama, kuma duk lokacin da ya shiga banɗaki ya yi yunƙuri sai ƙafar ta amsa.

Fisiyo_Bello:
Sannu Malam Abu Mahmud. Ba a gane cuta ta waya, sai an duba mutum, amma yadda ka zayyana hanyar da ciwon ke bi ya yi kama da jijiyar da aka danne a ƙasan gadon baya. Ƙashin ƙugu guda 5 ne, ana ce musu L1 zuwa L5, kuma tsakanin kowane biyu akwai faifai mai taurin baki da taushin ciki wanda ke shanye nauyi. Idan mutum ya sunkuya ya ɗaga abu, musamman in ya haɗa da juyawa, bakin faifan na iya tsagewa, cikin ya ɓullo ya taɓa tushen jijiyar da ke wucewa ta gefensa. Jijiyoyin nan su ne ke haɗuwa su zama babbar jijiyar sayatik, wadda ta fi kowace jijiya kauri a jiki, ta ratsa ɗuwawu ta sauka har yatsu. Ƙwaƙwalwa ba ta san inda aka danne ta ba, inda jijiyar ta saba kawo labari kawai ta sani. Shi ya sa kake jin ciwon a yatsa alhali yatsan lafiyarsa ƙalau. Gefen ƙwauri ta waje da saman ƙafa da babban yatsa yankin tushen jijiyar L5 ne. Da a ce dunduniya da gefen ƙaramin yatsa ne, da S1, tushen jijiyar da ke ƙasan L5, za a fi zargi. Yawancin ɓullowar faifai a waɗannan matakai biyu na ƙasa take faruwa.

Ka amsa mini waɗannan. Kana iya tafiya a kan dunduniya, yatsu a sama? Fitsari da bayan gida suna fita yadda ka saba? Akwai inda ya sage a tsakanin cinyoyinka ko kewayen dubura?

Abu_Mahmud:
Na gode Malam Bello. Fitsari da bayan gida lafiya lau, ba inda ya sage a wajen. Na gwada tafiya kan dunduniya yanzu a tsakar ɗaki, ina iyawa, amma ta hagu ba ta ɗaguwa kamar ta dama.

Fisiyo_Bello:
To kar ka wuce satin nan ba ka ga likita ba. Ciwo kaɗai ana iya ba shi lokaci, amma in rauni ya fara shiga ƙafa, ana son a auna shi a rubuta, a ga ko ƙaruwa yake ko raguwa.

Dakta_Zee:
Hajiya Ummu Hafsa, abin da kika lura da shi a jikin maigidanki gaskiya ne, fassarar ce nake so mu gyara. Basir kumburin jijiyoyin jini ne a dubura, yana iya kawo jini, ƙaiƙayi, tsiro da ciwo a wurin, amma ba shi da hanyar da zai kai ciwo yatsan ƙafa. Yunƙuri da tari da atishawa duka suna ƙara matsi a cikin ramin ƙashin baya, sai jijiyar da dama a matse take ta ƙara jin jiki. Don haka harbawar ƙafa lokacin yunƙuri ta fi nuna faifai. Abin da ke damuna shi ne mutanen da ke zuwa mana bayan sun shafe wata shida suna shan maganin basir, ƙafa ta riga ta fara ja.

Direban_Tirela:
Ni shekara 19 ina tuƙi mai nisa. Nawa bai taɓa sauka ƙafa ba, a ƙugu yake zaune kamar an ɗaura mini dutse, wani lokaci ya faɗaɗa zuwa ɗuwawu. In na sauka na ɗan zagaya mota sau biyu uku sai ya saki. Na yi hoton ƙashi an ce ba komai. To in ba komai, me ke ciwon?

Dakta_Zee:
Alhaji, “ba komai” na nufin ba a ga karaya ko wata cuta mai haɗari ba, ciwonka kuwa na gaske ne. Hoton ƙashi ba ya nuna tsoka da jijiyoyin da ke ɗaure gaɓɓai, kuma su ne suka fi yin ƙorafi in an daɗe a zaune, ga girgizar mota. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 90 cikin 100 na ciwon ƙugu irin naka ne, wanda ba a iya nuna wa wuri ɗaya yatsa a ce ga shi. Ta kuma ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a duniya, kuma shi ne kan gaba wajen hana mutane aikinsu.

Kaka_Mai_Carbi:
'Ya'yana ku taimaka, jikata ce ke rubuta mini. Ni nawa akasin na Abu Mahmud ne. Zama ba ya damuna. Amma in na yi tafiya kaɗan sai ƙafafun biyu su yi nauyi su ɗauki mindirya, dole in nemi wurin zama. In na riƙe sanda na ɗan ranƙwafa gaba kuwa ina iya ƙara nisa. Shekaruna sun haura 70.

Fisiyo_Bello:
Sannu Kaka, Allah ya ƙara lafiya. Wannan ya fi kama da ƙuntatar ramin da jijiyoyi ke bi, wadda ke zuwa da shekaru: gaɓɓai su yi kauri, faifai ya lotsa, hanya ta matse. Miƙewa tsaye na ƙara matse ta, ranƙwafawa da zama na buɗe ta. Sai dai akwai wani mai kama da shi, wato toshewar jijiyoyin jini na ƙafa, wanda aka fi gani ga masu shan taba da masu ciwon suga. Shi wannan a sha-raɓa ya fi kamawa, kuma tsayawa cak ta wadatar ya lafa, ba sai an zauna ba. Jikarki ta kai ki a taɓa bugun jinin ƙafafun, a nan ake fara bambance su.

Tela_Safiya:
Tunda an buɗe babin, bari ni ma in shigo da nawa, ku yi haƙuri Malam Abu Mahmud. Hannuna na dama ne ke tashina cikin dare. Babban yatsa da manuniya da na tsakiya su mutu, sai na zauna bakin gado ina yarfe hannun kafin su dawo. Jiya allura ta zame mini sau uku ban ji fitarta ba. An ce daga wuya ne saboda sunkuyon da nake yi a kan keke.

Sista_Rabi:
Anti Safiya, ƙaramin yatsa fa, yana shiga ciki?

Tela_Safiya:
A'a Sista, shi lafiyarsa lau.

Sista_Rabi:
To na fi karkata ga wuyan hannu. Akwai wani ɗan rami a wuyan hannu da jijiya ke ratsawa tare da igiyoyin tsokar da ke lanƙwasa yatsu. Jijiyar ita ke kula da babban yatsa, manuniya, na tsakiya da rabin na zobe, ba ruwanta da ƙarami. Tashin dare da yarfe hannu alamarta ce da aka sani. Ana yawan ganinta ga mata masu juna biyu, masu ciwon suga, da waɗanda maƙoƙonsu ba ya fitar da sinadari isasshe. In kuwa ƙaramin yatsa ne da rabin na zobe ke mutuwa, to wata jijiyar ce daban, wadda ke bi ta bayan gwiwar hannu, wadda in ka buge ta kake jin tartsatsi.

Malam_Injiniya:
Sista kar a yi saurin wanke wuya fa. Nawa daga wuya ne, kuma babban yatsa ne ya fara mutuwa. Bambancin da na gani, ciwon na tasowa daga ƙeya, ya bi allon kafaɗa, ya gangara damtse. In na ɗaga kai na karkata ɓangaren sai ya harba har yatsa. Abin mamaki, in na ɗora tafin hannun a kan kaina sai in ji sauƙi, har barci nake yi a haka. Likita ya ce tushen jijiya na 6 ne, C6.

Dakta_Zee:
Ku biyun kuna da gaskiya, kuma mutum ɗaya na iya haɗa duka biyun. Ƙashin wuya 7 ne, tushen jijiyoyinsa 8. C6 na zuwa babban yatsa, C7 na tsakiya, C8 ƙarami. Amma akwai wata matsalar wuya da ta fi waɗannan ba ni tsoro saboda sau da yawa ba ta da zafi sosai, ita ce in lakar kanta aka danne. Mutum zai ga ɓalla maɓallin riga ya gagare shi, rubutunsa ya canja, cokali na faɗuwa, yana tafiya yana tangal-tangal, wani in ya sunkuyar da kai ya ji lantarki ya bi bayansa. Dangi sai su ce tsufa ne. Wannan ba ta jira.

Ɗan_Jami'a22:
Ni gaskiya ban ga amfanin wannan dogon lissafi ba. Kowa ya je ya yi hoton MRI kawai ya ga abin da ke ciki, magana ta ƙare.

Fisiyo_Bello:
Ƙanena, da haka abin yake da mun huta. An tattara binciken da aka yi wa mutanen da ba su da ciwon baya ko kaɗan, aka wallafa a 2015. A cikin 'yan shekara 20, kashi 37 cikin 100 hotonsu ya nuna faifai ya fara lalacewa, kashi 30 kuma ya nuna ya kumburo. A 'yan shekara 80, lalacewar ta kai kashi 96. Ka ga ke nan in aka saka ka a na'urar yau, ba mamaki a ga wani abu, kuma ba lallai shi ne ke maka ciwo ba. Na sha ganin wanda ya karanta takardar sakamako ya daina sunkuyawa kwata-kwata don tsoro, bayan ya sandare, ciwon ya ninka. Hoto na da amfani in akwai alamar haɗari, ko rauni na ƙaruwa, ko an yi sati shida ba sauƙi ana tunanin aiki. Likita na haɗa shi ne da abin da ya gani a jikinka.

Maman_Ikram:
Ina karantawa hawaye na zubo mini. Don Allah kar a ɗauka duk ciwon baya na jira ne. Ƙanwata tana da shekara 26 ta fara kukan tsakiyar baya, saitin ƙirji ta baya. Wata biyar muna saya mata maganin ciwon jiki. Ciwon ba ya barinta ko a kwance, da daddare ya fi tsanani, tana jiƙa zanin gado da gumi, ga zazzaɓin yamma, ga rama har zobenta na zamewa daga yatsa. Ba ta tari ko sau ɗaya, shi ya sa ba wanda ya kawo tibi a ransa. Ranar da nake shafa mata man zafi na ji wani ƙashi ya turo kamar gwiwar yatsa, ranar muka tafi asibiti. Tarin fuka ne ya ci ƙashin baya. Ta sha magani kusan shekara guda, ta warke Alhamdulillahi, tana tafiya da ƙafarta, amma ɗan doron ya zauna.

Dakta_Zee:
Allah ya ƙara mata lafiya, Maman Ikram, kuma na gode da kika kawo wannan. Tibin ƙashin baya tsohuwar cuta ce, wani likitan tiyata na Ingila, Percivall Pott, ya yi bayaninta tun 1779, har yau da sunansa ake kiranta. Kuma kamar yadda kika ce, ba sai da tari ba. Ciwon da ba ya sauƙi da kwanciya, mai tashin mutum da dare, tare da zazzaɓi ko rama, ba na tsoka ba ne har sai an tabbatar. Haka wanda ya taɓa yin kansar mama ko ta mafitsara, ko huhu, ko ƙoda, sai ga sabon ciwon baya, domin waɗannan na son yaɗuwa zuwa ƙashi. Haka tsohuwar da ta ɗan zame ko ta ɗaga abu mara nauyi sai baya ya ɗauki ciwo nan take, a duba karaya, don ƙashi na yin laushi bayan ɗaukewar al'ada.

Abu_Mahmud:
Subhanallah. Ni dai ba zazzaɓi, ba rama, kuma in na kwanta ta gefe na sa matashi tsakanin gwiwoyi ina samun barci.

Bn_Usman:
Nawa kuma kwanciyar ce matsala. Tun ina shekara 24 nake tashi da asuba baya a sandare, sai na kusa awa guda ina motsi kafin ya saki. Ciwon ɗuwawu yau dama gobe hagu. In na yi wasan ƙwallo sai in ji daɗi, in na huta ya dawo. Shekara bakwai ana ce mini katifa ce, na canja katifa biyu. Daga baya likitan gaɓɓai ya gano kumburin gaɓɓan ƙashin baya ne, irin wanda garkuwar jiki ke jawowa. Har idona ya taɓa yin ja yana ciwo, ashe duk tafiyarsu ɗaya. Duk matashin da ciwonsa ya wuce wata uku, motsi na rage shi hutu na ƙara shi, ya faɗa wa likita da wannan lafazin.

Hajiya_Mai_Lalle:
Mahaifinmu kuwa kafaɗar hagu da muƙamuƙi ya ce suna masa ciwo, yana ta gumi, muka ɗauka kwanciya ya yi ba daidai ba. Muna ta danna masa kafaɗa. Ashe zuciya ce. Allah ya sa yayanmu ya dage aka tafi asibiti a daren.

Sista_Rabi:
Allah ya saka wa yayanku. Kayan ciki na yawan aika ciwo waje. Tsakuwar ƙoda na kama kwiɓi ta gangara matsematsi, mutum ya kasa zama ya kasa kwanciya. Ciwon ƙoda na ƙwayoyin cuta na zuwa da zazzaɓi da rawar sanyi da zafin fitsari. Matsarmama na kai ciwo allon kafaɗar dama. Macen da ta yi ɓatan wata sai ga ciwon mara da ciwo a ƙarshen kafaɗa da jiri, a yi maza, yana iya zama ciki a wajen mahaifa. Abin da zai taimaka, ciwon tsoka da ƙashi yakan canja in ka motsa wurin ko ka danna, na kayan ciki bai cika damuwa da yadda ka juya ba. Wuya kuma in ya sandare tare da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, kowa ya san sanƙarau ba a kwana da shi a gida.

Direban_Tirela:
Sista, mai suga fa? Abokin aikina tafin ƙafafunsa biyu ke zafi kamar ya taka garwashi, musamman da dare. Shi ma daga baya ne?

Sista_Rabi:
Alhaji, in ƙafa biyu ne daidai wa daida, ya fara daga yatsu yana hawa kamar an sa safa, to ƙananan jijiyoyin ne suga ya taɓa. Na baya yakan ɗauki ƙafa ɗaya ya bi layi. A auna masa sinadarin B12 ma, domin maganin suga na metfomin in an daɗe ana sha yana iya rage shi. Kuma ya riƙa duba tafin ƙafarsa kullum, don zai iya jin rauni bai sani ba.

Dakta_Zee:
Wani abu kafin in koma bakin aiki. Na ga an ambaci maganin ciwon jiki. Daikulofenak da ibufurofen suna taimakawa na ɗan lokaci, amma shan su kullum wata da watanni na jawo gyambon ciki da lahanta ƙoda, balle a haɗa biyun. Masu ɗauke da dekzametason ko firednisolon kuma sun fi ɓarna a ɓoye: ciwo zai lafa, fuska ta cika, suga ya hau, ƙashi ya yi laushi, wani kan ƙashin cinyarsa ya mutu. Ciwon wannan gaɓa ta kwankwaso a matsematsi ake jinsa, wani lokaci a gwiwa, kuma masu sikila ma na yawan samunsa.

Auta_Nana:
Dakta don Allah kafin ki tafi. Babanmu yana da irin ciwon Malam Abu Mahmud tun watan jiya, amma tun jiya ya koma ƙafa biyu. Yau tun safe bai yi fitsari ba, mararsa ta cika, kuma ya ce da ya yi tsarki bai ji ruwan ba. Mu bari zuwa Litinin?

Dakta_Zee:
A'a Nana. Ku tashi yanzu ku kai shi sashen gaggawa na babban asibitin da ke da MRI da likitan tiyatar baya. Laka na ƙarewa ne wajen L1 zuwa L2, daga nan jijiyoyi ke zubowa kamar wutsiyar doki, cikinsu har da masu kula da mafitsara da dubura. In aka danne su gaba ɗaya, awoyi ake lissafawa. Ki faɗa musu abu ukun nan da kika rubuta tun daga bakin ƙofa.

Auta_Nana:
To Dakta, yaya ya fito da mota. A sa mu a addu'a.

Maman_Ikram:
Allah ya ba shi lafiya, Nana. Ki sanar da mu halin da ake ciki.

Abu_Mahmud:
Allah ya tashi kafaɗar Baba. Ni ma na je yau. Likita ya kwantar da ni rigingine ya ɗaga ƙafar a miƙe, ko rabi ba ta kai ba ciwon ya harba har yatsa. Ya sa na ture hannunsa da babban yatsa, ya ce na hagu ya ɗan yi rauni kaɗan. Ya ce L5 yake zargi, ya ba ni magani na kwana goma, ya tura ni wajen gashi, in dawo bayan sati biyu, in kuma ƙafar ta fara ja ko fitsari ya canja in dawo a ranar. Bai ce a yi MRI yanzu ba.

Ɗan_Jami'a22:
Rauni ya shiga amma ba hoto? Ni da ni ne da na nemi ganin wani likitan.

Ummu_Hafsa:
Na karanta bayanin Dakta na kuma gode, amma maigidana dai sai da cikinsa ya daina ɗaurewa sannan ƙafar ta yi sauƙi, wajen wata biyu. Ni na gani da idona.

Fisiyo_Bello:
Hajiya, ina jin abu biyu ne suka haɗu. Ya daina yunƙuri, kuma wata biyun nan shi ne kusan lokacin da yawancin masu irin ciwon ke samun sauƙi, don jiki na tsotse abin da ya ɓullo a hankali. Ƙanena ɗan jami'a, neman ra'ayi na biyu haƙƙin mara lafiya ne, amma rauni kaɗan da ba ya ƙaruwa ana iya sa masa ido.

Abu_Mahmud:
Malam Bello, yau da safe na lura ciwon bai kai yatsa ba, a cinya ya tsaya, amma ƙugun ya ɗan dawo da ciwo. Baya na koma ke nan?

Fisiyo_Bello:
A wajenmu in ciwo ya janye daga yatsa yana komawa ƙugu, alama ce mai kyau, ko da ƙugun ya ɗan ƙara. Ka ci gaba da 'yar tafiya, kar ka wuce rabin awa a zaune ba ka miƙe ba, kuma kowace safiya ka gwada tafiyar nan ta kan dunduniya ka kwatanta hagu da dama. Nana fa, akwai wanda ya ji daga gare ta?